Kekuna Biyu, Kwaɗo Ɗaya

Kekena baƙi ne, gadon kakata,
sarƙarsa na tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba.
Naka ja, sabo fil, gudummawar abokan aikinka,
har yau ka ƙi ɓare ledar sirdin.
A ƙarƙashin matakalar bene suke kwana,
kwaɗo ɗaya ya haɗa su.
Makullin na hannunka, Ermes,
wato kullum neman sa muke yi.

Wata huɗu ke nan.
Na gane ba ka tashi sai an yi kira uku,
ka gane ba a yi mini magana kafin kofi ya tafasa.

Da sassafe hazo kan taso daga kogin Po
ya haɗiye Ferrara har da hasumiyoyinta.
Mu hau kan ganuwa, mu bi tsakanin bishiyoyi,
ba na ganin ka, ba ka gani na.
Sai ka kaɗa ƙararrawa sau biyu,
in amsa da tawa mai dusasshiyar murya.
Hirar ke nan har mararraba,
kai ka yi hagu, asibiti,
ni in yi dama, inda yara ashirin da uku
ke jira na da majina da tambayoyi.

Ranar Lahadi muka ce za mu yi taliyar mahaifiyarka,
wadda ake cusa wa kabewa.
A bayan takardar kuɗin wuta ta rubuto yadda ake yi:
fulawa, ƙwai, cuku, gyaɗar ƙamshi "daidai misali".
Nawa ne daidai misali?
Muka kira ta, ta ce hannu ne ke sani.
Ana naɗe kowace ɗaya kamar malafar manomi.
Nawa sun yi kama da malafa, ko da ta sha ruwan sama.
Naka kuwa kunnuwan jaki.
Da suka ji tafasa duk suka fashe,
tukunya ta koma ruwan ɗorawa.
Muka zuba man shanu, muka sa mata suna miya,
muka shanye a tsaye da burodin jiya.
Da ta bugo da yamma ka ce mata ya yi daɗi.
Ba ƙarya ka yi ba.

Garmahon mahaifina na kan akwatin da ba mu kwance ba tukuna.
Akwai faifai ɗaya da ke sarƙewa a wuri guda,
mawaƙiyar ta kama kalma ɗaya ta ƙi saki
sai an ɗan daki teburin.
Yanzu ko a rediyo na ji waƙar
hannuna kan ɗaga, yana neman tebur.
Kai kuma ga jitarka mai tsirkiya biyar,
ta shida tana nan zuwa tun kafin biki.

Iolanda ta bene na ƙasa
ta riƙa zungurar rufi da sandar tsintsiya.
Muka rage sauti, muna rawa da safa kamar ɓarayi.
Ran Alhamis ta tare ni a ƙofa, fuska ba walwala.
Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri,
sai ta ce, "Nives, waccan ta daren Talata,
ku ƙara mata murya.
Da ita na yi rawa da Gualtiero."
Ta shige, ta rufo ƙofa.

Jiya taya ta yi faci a ruwan sama,
muka turo kekuna har gida ba mai ce wa kowa uffan,
saboda wata magana kan labule
da na riga na mance farkonta.
Ka kawo roba da ruwa tsakiyar kicin,
ka nutsa tif ɗin, kana juya shi a hankali.
Na durƙusa don in nuna maka ba haka ake yi ba.
Hannu huɗu cikin ruwan sanyi,
zobba biyu da ba su gama sabawa da yatsu ba,
muna jiran ƙananan kumfa
su nuna mana inda iskar ke fita.

"Ga shi nan," ka ce.
Na ce ni na fara gani.